Maganin da Ya Fito daga Kwamin Shanu

Kar ɗin fasinja da ya taso daga Yamai da asuba ya mutu ne wajen ƙarfe goma sha ɗaya, an wuce Dogon Dutsi da 'yar tafiya. Ya yi tari sau biyu, ya gangara gefen kwalta, ya tsaya cak. Direba ya sauka ya buɗe inji, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce kowa ya nemi inuwa, sai an kawo wani ƙarfe daga gari.

Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara. Fasinjoji suka watse ƙarƙashin gawo da aduwa. Najiba ce ta sauko a ƙarshe, rungume da wata shuɗiyar kula a ƙirjinta. Ta samu gindin gawo ta zauna, ta ɗora kular a cinya, ta dubi ɗan ma'aunin zafi da ke manne a murfin. Digiri shida. Ta yi lissafi a ranta: ƙanƙarar da ta zuba za ta kai awa goma, an riga an ci shida.

A cikin kular akwai 'yan kwalabe ashirin da bakwai, kowace ba ta fi ƙaramin yatsa ba. Goma sha biyu masu jan murfi, goma sha biyar masu fari. Aikin shekara huɗu ke nan na rayuwarta.

Najiba 'yar Malbaza ce. Mahaifinta bafillace ne da ya bar kiwo ya kama aiki a gari, amma ƙanwarsa, Goggo Kubra, tana nan a ruga kusa da Alela tare da mijinta Baffa Hamidou da shanunsu. Shanun nan ne suka sa Najiba ta hau wannan hanya. Shekaru ke nan ciwon hantsa yana cin garken. Hantsar saniya ta kumbura ta yi zafi, madara ta fito da gudaji, wani lokaci da jini. An yi allurai har an gaji. Wadda ta yi aiki bara, bana ko gezau. Da Najiba ta kai madarar labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, aka auna, sai aka tarar ƙwayar cutar ta saba da kusan duk magungunan da ake samu a kasuwar Konni.

Ƙarfe ɗaya ma'aunin ya nuna goma sha huɗu. Ƙarfe biyu, ashirin da uku. Ta tsaya bakin hanya tana ɗaga wa motoci hannu, amma duk wadda ta zo a cike take maƙil. Ta kira Dakta Mamane, likitan dabbobin da ke jiranta a Konni, layi ya ƙi shiga. Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ita ta ga yadda take ta buɗe ido a kan kular, ta ce, "Ɗiyata, nama ne a ciki?"

"Magani ne, Inna. Ba ya son zafi."

 Tsohuwar ta miƙo mata gorar ruwanta ta ce ta jiƙa mayafi ta lulluɓe. Najiba ta yi hakan, tana fifita da kwali har hannunta ya ƙage. Duk da haka, lokacin da kar ɗin ya tashi bayan la'asar, ma'aunin yana kan arba'in da ɗaya. Ta ji ruwa yana kaɗawa a cikin kular duk sanda mota ta faɗa rami. 

Ɗan kabu-kabu ya sauke ta a ƙofar buron Dakta Mamane, wato ofishinsa, rana tana shirin faɗuwa. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu, ya yi shekara talatin yana bin rugage daga Konni har Illela. Shi ne ya yi ta kai da kawo da takardu wata takwas kafin hukuma ta yarda a gwada maganin a kan shanu tara, a gabansa kuma da sa hannunsa. Yana ganin fuskarta ya ajiye butar da ke hannunsa.

"Lafiya, Malama Najiba?"

Ta buɗe kular ta tura masa. Kwalaben suna yawo a cikin ruwa mai ɗumi. Ya sa yatsa ya taɓa ruwan, ya cire, ya goge a rigarsa.

"Awa nawa?"

"Sama da digiri talatin, kamar awa uku. Dakta, na kashe shi. Wata biyar muka yi kafin mu tace wannan kaɗai."

"Kin gani da idonki ya mutu?"

"A'a."

"To, kada ki yi mishi salla tukuna. Ƙwayoyin da kika ce in raya miki suna nan tun jiya. Mu duba."

A bayan buron akwai ɗan ɗaki da Najiba ta shirya bara, da firigon sanyaya magani mai aiki da hasken rana da 'yar na'urar ɗumama ƙwayoyi. Dakta Mamane ya fito da kwalba mai ruwa gurɓatacce kamar kunu. Ƙwayar cutar ce da aka samo daga madarar shanun Goggo Kubra, ta hayayyafa har ta dusashe ruwan. Najiba ta wanke hannu, ta sa safar roba, ta raba ruwan cikin bututun gilashi uku. Na farko ta bar shi haka. Na biyu ta ɗiga masa daga kwalba mai jan murfi, na uku daga mai fari. Digo biyu-biyu kawai, don kada kason shanu ya ragu. Idan maganin yana da rai, zai farfasa ƙwayoyin, ruwan ya washe. Idan ya mutu, ba abin da zai canza.

"Minti ashirin," in ji ta. Ta jera su a bakin taga, ta juya musu baya don ba za ta iya kallo ba.

Dakta Mamane ya jawo kujera. "Nuna mini hoton nan da kike ta ba ni labari a waya. Ni da muna karatu a lakwal ba mu ga irin wanga ba."

Ta san so yake ya ɗauke mata hankali, amma ta buɗe kwamfuta. Hoto ya fito, wani abu kamar zare da aka nannaɗe ya yi dunƙule biyu, babba da ƙarami, da 'yar siririyar igiya a tsakaninsu. Ta sa yatsa tana juya shi.

"Anzim ɗin ke nan. Furotin ne. Ka ɗauka carbi ne mai 'ya'ya kusan ɗari uku, 'ya'yan iri ashirin ne, kowane da halinsa. Wani yana son ruwa, wani yana gudunsa, wani yana jan ɗan'uwansa. Halin nan ne ke sa carbin ya naɗe kansa ya zama wannan siffa, kullum iri ɗaya. Wannan ƙaramin dunƙulen shi ne hannu. Shi ke gane bangon ƙwayar cutar ya cafke. Babban kuma shi ne mai yanka. Ka ga wannan kwarin da ke tsakiyarsa? Nan igiyar bangon take shiga. A gindin kwarin akwai 'ya'ya uku da suke fuskantar juna, su ke datse ta."

"Uku kacal, cikin ɗari uku?"

"Uku. Sauran duk aikinsu su riƙe ukun nan a wurinsu. In zafi ya yi yawa, naɗin ya warware, ukun su rabu, shi ke nan. Carbin yana nan, ba ɗa ɗaya da ya ɓace, amma ba ya yanka komai. Kamar ƙwai ne da aka dafa, ba ya komawa ɗanye."

Ya gyaɗa kai yana kallon allon. "Mi ya raba ja da fari?"

"Ja shi ne yadda Allah ya halicce shi, ba mu taɓa komai ba. Farin kuwa na canza masa 'ya'ya biyu." Ta matso da hoton, ta nuna wasu ɗigo biyu rawaya a gefen babban dunƙulen. "Da muka samu hoton siffarsa, na ga wannan leɓen kwarin yana da rauni, shi ke fara buɗewa. Sai na sa 'ya'ya biyu masu farar wuta, ɗaya nan, ɗaya can, suka kama juna kamar maɓalli da kafarsa. Malamina da ke duba bincikena bai so ba. Ya ce in leɓen ya yi tauri, yankan zai ragu. Kuma ya ragu ɗin, kaɗan. Don haka muka ce a gwada duka biyun."

"To, juya ki duba."

Ba ta juya ba. "Kai duba, Dakta."

Ya tashi ya je taga, ya ɗaga bututun ɗaya bayan ɗaya yana hanga ta hasken yamma. 

"Na farko yana nan kamar kunu," ya ce. "Na jan ma haka." Ya ɗaga na uku. "Zo ki karanta mini wanga."

Ya ɗauko takardar hukuma ya sa a bayan bututu na uku. Ta cikin ruwan Najiba ta ga harufa, ta ga tambarin, ta ga har sa hannun Dakta Mamane da ƙugiyarsa ta ƙarshe. Ruwan ya yi garau.

 Ta zauna a kan kwalin safar hannu, ta rufe fuska, ta ce alhamdulillahi ya fi sau goma. Sai dariya ta kama ta, hawaye yana zuba. Dakta Mamane ya kwashe fararen kwalaben ya jera a firigo, ya rufe a hankali, ya ce ta tashi ta je cikin gida, matarsa ta dama fura, shi zai wuce masallaci.

Da safe suka hau babur biyu zuwa Alela, kular cike da sabuwar ƙanƙara. A hanya Najiba tana ta juya abin da za ta faɗa. An yi wa mutanen nan alkawarin shanu tara, ga shi maganin biyar kaɗai ya rage.

Sun tarar da Goggo Kubra tana wanke ƙore a bayan bukka. Gajeruwa ce mai kaifin ido, wadda duk kasuwar Badaguishiri ta san kindirmonta kafin ciwon nan ya rage mata tatsa. Aka gaisa da Fulatanci, aka sake gaisawa da Hausa saboda Dakta. Baffa Hamidou ya shimfiɗa tabarma. Najiba ta faɗa musu abin da ya faru a hanya ba tare da ta rage komai ba.

Baffa Hamidou ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sandarsa. "Biyar," ya ce. "Sauran huɗun hwa?"

"Akwai allura ɗaya da labo ya nuna ƙwayar ba ta gama sabawa da ita ba," in ji Dakta Mamane. "Na taho da ita. Ba na yi maka alkawari, amma za mu yi musu."

Goggo Kubra ta karɓi kwalba ɗaya daga hannun Najiba, ta ɗaga sama ta girgiza. "Wannan ai ruwa ne. Najiba, kafin ki sa wa saniyata abu a nono, sai kin gaya mini mene ne. Shekarun baya kin zo kin kwashi taɓo a kwaminmu na ban-ruwa, kin tafi da shi ƙasar Turawa. Taɓon ne kika tace kika maido?"

"Daga cikinsa ya fito, Goggo, amma ba shi ba ne."

"To, yi mini dalla-dalla."

Najiba ta gyara zama. "Kin san abin da ke sa ciwon wata halitta ce ƙarama da ido ba ya gani. To, ita ma tana da mai cinta, wanda ya fi ta ƙanƙanta. Sunansa faj. Yana nan a taɓo, a ruwa, duk inda ita take. In ya same ta, sai ya shige cikinta ya yi 'ya'ya. In 'ya'yan suka cika ta, suna son fita, ga bango ya tare su. Sai su ƙera wani abin yanka, su fasa bangon daga ciki su fito. Ita kuma ta mutu."

"Kamar gara a cikin rumbu."

"Kusan haka. Ni ban kawo faj ɗin ba. Abin yankan kawai na koyi yadda ake yi, na tara shi a kwalba. In an zuba shi, daga waje yake fasa bangon."

"In yana yanka, mi zai hana shi yanka naman saniyar?"

"Yana da hannu, Goggo, kuma hannun abu ɗaya kaɗai ya san kamawa, bangon waccan halittar. Naman saniya ba shi da irin bangon. Ko ƙwayoyin da ke sa madararki ta zama kindirmo, mun gwada, bai kula su ba."

"In ita ma ta saba da shi, kamar alluran?"

Najiba ta ce, "Wurin da yake yankawa, da wuya ta iya canza shi ta rayu. Har yanzu a labo ba mu ga ta saba ba. Amma ba zan ce miki ba za ta taɓa yi ba. Ban sani ba."

Goggo Kubra ta miƙa mata kwalbar. "Da kin ce mini kin san komai, da ban yarda ba. Tashi mu je. Ni zan zaɓa."

Ba ta zaɓi waɗanda ciwon ya fi ci ba, ba ta kuma zaɓi masu sauƙi ba. Masu ƙananan maruƙa ta ware, huɗu, sannan ta tsaya a gaban wata tsohuwar jar saniya mai karyayyen ƙaho, Gimbiya, wadda aka ba ta ranar da aka kawo ta gidan miji tana maraƙa. Dakta Mamane ya taɓa hantsar, ya ji ɓangare ɗaya ya yi tauri kamar dutse, ya girgiza kai.

"Wagga ta daɗe da ciwon. Da kin ba wata."

"Ita nake so," in ji Goggo Kubra, ta kama ƙahon.

Kwana uku suna zuwa da hantsi. Baffa Hamidou ya ɗaure ƙafafun baya, Goggo Kubra ta tatse hantsar tas ta zubar a rami, Dakta Mamane ya goge kan nonon, ya zura siririn sirinji ya matsa maganin, ya murza sama. Najiba tana tsugune tana ɗibar madara a kwalabe tana rubuta sunan kowace saniya. Rana ta farko ba abin da ya canza. Rana ta biyu ɗaya daga cikin shanun ta yi zazzaɓi ta ƙi kiwo, Najiba ta kasa cin abinci. Da yamma zazzaɓin ya sauka, saniyar ta tashi ta nufi harawa. Dakta ya ce wataƙila fashewar ƙwayoyin ne da yawa a lokaci ɗaya, ya sa Najiba ta rubuta shi yadda ya faru.

A rana ta shida suka koma da farantin gwaji mai gurbi huɗu. Ana tatsa madarar kowane kan nono a gurbinsa, a zuba wani ruwa shuɗi a kaɗa. In da ciwo, sai ta yi yauƙi ta dunƙule. Saniya ta farko, madarar ta zagaya farantin sumul kamar ruwa. Ta biyu haka. Ta uku gurbi ɗaya ya ɗan yi kauri, bai kai na da ba. Ta huɗu sumul. Baffa Hamidou ya karɓi farantin da kansa ya kaɗa, ya sake kaɗawa, ya kai shi hanci ya sansana.

Gimbiya kuwa, ɓangaren da ya taurare bai dawo ba. Ko ɗigo bai fito ba, kuma Dakta ya ce ba zai ƙara fitowa ba. Amma sauran ukun sun huce, ta bar harbi in an taɓa ta.

"Uku sun ishe ta," in ji Goggo Kubra. "Ni ma ba duk haƙorana ke nan ba."

Cikin huɗun da aka yi wa allura, biyu sun samu sauƙi, biyu suna nan yadda suke. Dakta Mamane ya ce a ware su, a riƙa tatsarsu a ƙarshe, a wanke hannu. Ya kuma ja kunnen Goggo Kubra kada madarar ko ɗaya cikin taran ta je kasuwa sai labo ya amsa. Ta yi ƙunƙuni, amma ta bi.

Amsar ta zo bayan kwana goma sha biyu, Najiba tana Malbaza wurin mahaifiyarta. A shanu huɗu cikin biyar ba a ga ƙwayar ba ko kaɗan, har da Gimbiya. A ta biyar ta ragu ƙwarai amma tana nan. Malaminta ya rubuto cewa shanu biyar ba su isa a yi shela ba, sai an gwada a garke da yawa, kuma ya ce ta aiko masa da duk abin da ma'aunin kular ya nuna awa bayan awa, don ba su taɓa tunanin gwada maganin a irin wannan zafi ba. Ta karanta saƙon sau biyu, ta ajiye wayar, ta kwanta a tabarmar tsakar gida da azahar. Mahaifiyarta ta hana kowa tashinta har la'asar ta kusa wucewa.

Washegari ta kai labarin ruga da bakinta. Ta isa da sassafe ana tatsa. Goggo Kubra ta saurara ba ta tsayar da hannu ba, madara tana faɗawa ƙwarya tana kumfa. Da Najiba ta gama, sai ta matsa gefe ta nuna mata wurin.

"Zauna ki tatsa."

"Goggo, ban iya ba."

"Shekara huɗu kina aikin nonon saniya, ba ki iya tatsa ba? Zauna."

Najiba ta tsuguna, ta kama, ta ja. Ba abin da ya fito. Ta ƙara ja da ƙarfi, saniyar ta juyo ta dube ta, ta kaɗa mata wutsiya a fuska. Baffa Hamidou, wanda ba a cika jin dariyarsa ba, ya dafa sanda yana ƙyaƙyatawa har ya yi tari. Goggo Kubra ta ɗora hannunta a kan na Najiba, ta matse mata yatsu daga sama zuwa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Siririn farin zare ya fito, rabi a ƙwarya, rabi a kan zaninta.

"Haka," in ji Goggo Kubra. "Sake. Akwai shida a bayanta, kuma rana tana yi."